Kafin Ki Yar da Sunan Ajuji

Tambuwal,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Maisuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗawainiyar shirin tafiya. Allah ya tsare min ke a Sakkwato, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a can Ingilar da kika ƙwallafa rai a kan aikin jinya a cikinta. Mu nan ƙalau muke, ban da ƙafata da kika sani, ban da kuma ke.

Na ɗauki biro ne don waya ta gaza mana. Duk sanda na kira ki a kan maganar nan, ban kai tsakiyar zance ba kin ce, "Mama, ba za ki gane ba." Ni kuma raina ya ɓaci in ɗaga murya, ke ki yi shirun nan naki mai cin rai, mu rabu ba wanda ya ji wani. Takarda ba a katse ta. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, in ya so ki yi fushinki gaba ɗaya.

Babanki ya faɗa min, shi ma sai da na tsare shi a bakin ƙofa, wai ranar Litinin za ki kotu ki yi rantsuwa, ki cire Ajuji daga takardunki kafin a yi miki sabon fasfo, ki sa Mara a gurbinsa. Wai kin gani a waya, wai gajere ne, wai Turawa ba za su sha wahalar faɗarsa ba.

Mara! Maisuna, duk sunayen da Allah ya zuba a duniya ki rasa na ɗauka sai Mara? Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin ungozoma tsakanin Kebbe da Tambuwal, abin da nake ji ke nan daga safe har yamma: "Malama, marata ka ciwo." Yanzu kuma in tsufa in ji ana kiran ɗiyata da shi. Ko kuwa marar kwasar tuwo kike nufi? Ko so kike duk wanda ya ji sunanki ya tsaya yana jiran sauran, mara me, mara kunya ko mara kan gado? Kuma kada ki zaci ke kaɗai ce mai waya. Ni ma na sa tabarau na duba. A harshen Yahudawa aka samo shi, ma'anarsa ɗaci. Kin gudu daga juji kin faɗa maɗaciya, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Da na faɗa wa babanki haka, kin san abin da ya ce? Ya gyara rediyonsa a kunne ya ce, "A bar ta, Hajiya, zamani na." Shi da ya jawo mana abin tun farko! Na san kin sha jin labarin ana dariya, amma bari in maimaita miki, don yau ba dariya nake ba. Sunanki na yanka sunan kakarki ne, Inna, mahaifiyar babanki. Shi ya sa ni ban taɓa faɗarsa ba, ko yanzu hannuna ba zai rubuta shi ba, surukata ce. Shi ya sa nake ce miki Maisuna. Ranar da za a sa ki firamare a Kebbe ina wurin aiki, babanki ya kai ki. Hedimasta ya buɗe rajista ya ce, "Mi as sunanta?" Babanki ya waiga, ya ga mutanen garinsu Fakku biyu a bayansa, waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando. Ya faɗi sunan uwarsa a gabansu? Ya sosa ƙeya ya ce, "Ajuji." Hedimasta ya ce, "Na yanka nika tambaya, Malam." Ya ce, "Rubuta hakanan, shi anka sani." To daga wannan kunyar ta minti ɗaya sunan ya bi ki firamare, ya bi ki sakandare, ya hau satifiket ɗinki na makarantar jinya. Da na ji, kwana nawa ban dafa masa abin kirki ba.

Saboda haka kada ki ce ban gane ba. Na gane sarai. Na san yaran da suka riƙa bin ki suna "Ajuji, a kwashe." Na san yadda aji ke fashewa da dariya in sabon malami ya zo kan sunanki. Na ga yadda kike rage murya in baƙo ya tambaye ki. Ban ce ba ki sha ba. Abin da nake cewa, ba ki san abin da za ki yar ba, kuma rashin sanin nan ni na jawo shi. Zan zo kansa. Bari in fara da wautar da na tafka a kan sunayen mutane, don ke ma za ki shiga cikin baƙin sunaye, kuma na ga alamar irin kaina gare ki.

Farkon fara aikina a Kebbe akwai wata nas Bayarabiya, babba ce a kaina, sunanta Kokumo. Mu 'yan mata muka mayar da shi abin wasa. In ta wuce da safe sai mu ce, "Koko mu, ƙosai ku." Ni ce ma na ƙirƙiro shi, ina jin kaina gwana. Ba ta taɓa tankawa ba. Wata rana muka karɓi haihuwar wata mata da ta binne 'ya'ya a baya, jaririn ya zo da rai, yana ta tsala kuka. Na ga matar nan Kokumo ta ɗaga shi tana yi masa magana da Yarbanci, hawaye na zuba. Da muka fito wanke hannu ta ce min, da Hausarta mai karkata, "Kin san sunana? Ma'anarsa, wannan ba za ta sake mutuwa ba. Uwata ta binne huɗu kafin ni." Ta ce a wajensu akwai Malomo, kada ki sake tafiya. Akwai Kosoko, babu fartanya, wato ba mu da abin haƙa wani kabarin, sai ka haƙura ka zauna. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Don haka in kin je can kika ji sunan da ya yi miki kama da abin dariya a Hausa, kuma za ki ji su da yawa, ki kame bakinki. Ki tambayi mai shi ma'anarsa in kun saba. Ba ki san kabari nawa ke bayan sunan mutum ba.

Kina tsammanin na yi hankali daga nan? Ina! Bayan an mayar da ni Tambuwal na ɗan lokaci, mun yi aiki da wata likita 'yar Indiya. In ta duba jaririya ƙarama marar ƙarfi sai ta shafa kanta ta ce, "Becari, becari," da wata murya mai taushi. Ni kuwa abin ya yi min daɗi a kunne, na ɗauka irin su 'yar lele ne ko 'yar gwal. Sai ga wata mata daga Jabo ta haihu a hannuna, ta ce don Allah Malama ki zaɓa mata laƙabi irin na 'yan boko. Na buɗe baki na ce Becari. Sai da yarinya ta fara tafiya na tambayi likita, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai ma'anarsa abar tausayi, baiwar Allah da ba ta da gata. Yau Becari uwar 'ya'ya ce, tana sayar da daddawa a kasuwar Jabo, duk sanda ta gan ni sai ta durƙusa ta ce, "Ga wadda tas sa min suna." Ni kuma in amsa ina kallon gefe. To kin ga wadda kika gada. Daɗin suna a kunne ba ya gaya miki komai, kiɗa ne kawai. Ni na yi wa ɗiyar wasu, ke kuma kanki za ki yi wa, har da rantsuwa a gaban alƙali.

Ita wannan likitar ce ta fara nuna min cewa ba mu kaɗai ba ne. Da ta ji labarin sunaye irin naki ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce a ƙauyukansu akwai Gurahu, daga kalmarsu ta juji, akwai Fenku, wanda aka jefar. Kin ji Ayashe ke nan tsaf, irin Ayashen gidan su babanki. Wani malami mutumin Gana da ya koyar a nan garin ya ce su ma suna da Sumina, juji, da Donko, bawa, kamar dai Bawan da muke sa wa yaro don a ce ba namu ba ne, ba shi da daraja, a wuce shi. Inyamurin da ke da kemis kusa da tasha a lokacin, sunansa Ozoemena, kada wani ya sake faruwa, ƙanensa kuma Onwubiko, mutuwa don Allah. Shekaranjiya da nake bincike a waya har wata ƙasa na gano can kusa da Sin, Mongoliya, inda suke sa wa yaro Terbish, ba shi ba ne, ko Nergui, babu suna. Mutanen da ba su taɓa jin labarin Kebbe ba, ba mu haɗa harshe ba, ba mu haɗa addini ba, amma uwa in ta gaji da binnewa dabara ɗaya take faɗawa a kai. Na daɗe zaune da wayar a cinya a kan wannan na ƙarshen.

Su kuma Turawan da kike jin kunyarsu, kin tambayi nasu? Sisiliya makauniya ce. Kalbin mai sanƙo. Kamaron mai karkataccen hanci. Suna nan suna yawo da su, suna sa hannu a takardu, ba wanda ya je kotu. Bambancin kawai, nasu ya tsufa har sun manta abin da yake nufi, naki kuwa da Hausar yau yake magana. A Ingila wa ya san juji? Su abin da za su ji, A-ju-ji, gaɓa uku masu sauƙi, ba ƙa ba ɗa ba tsa. Wallahi ya fi Mara daɗin faɗa. A nan gida aka yi miki dariya kika jure, sai yanzu da za ki inda ba mai dariyar za ki yar da shi? Wannan wane irin lissafi ne? Kuma in sun karkata shi, ki gyara musu, sau ɗaya, sau goma, da fara'a. Mutumin da ya iya faɗar sunayen magungunan da kuke rubutawa ba zai gaza naki ba, sai in kin nuna masa ba komai.

Na san za ki ce min suna linzami ne, Annabi ma ya so a sa kyakkyawa. Gaskiya ne, kuma an sa miki, an yanka rago, liman ya yi huɗuba da sunan da ba ya da aibi. In shi kike so ki ƙara a fasfo, ki ƙara, ni ce dai ba zan iya karantawa da ƙarfi ba. Amma ki tuna ko Hadiza, da ba macen da ba ta alfahari da shi, malamai sun ce asalinsa a Larabci jaririyar da ta zo kafin watanninta su cika. Mai sunan ce ta ɗaukaka shi har ya zama abin da ya zama.

Yanzu bari in zo kan abin da na yi ta kewayewa.

Kina aji uku ko huɗu kika dawo daga makaranta da kuka, kika jefar da jaka, kika ce, "Mama, wai da gaske a bola aka tsince ni?" Ina tankaɗe. Ban ko ɗago ba na ce, "Je ki tambayi waɗanda suka sa miki." Kika tsaya kina jira, na ci gaba da tankaɗe, kika shige ɗaki. Ba ki sake tambayata ba har yau. Na bar ki kin girma kina zaton sunanki zagi ne da aka yi miki tun kina tsumma. Duk cikin kurakuraina wannan ne ba ya barina in sake, kuma ba komai ya sa ni ba sai girman kai da wani tsohon fushi da ba naki ba.

Kin san a dunƙule cewa na yi haihuwa kafin ke. Uku ne. Nafisa, ita ta kai wata biyar, har ta fara dariya. Kamalu bai yi arba'in ba. Na ukun namiji ne, bai kai ranar suna ba, don haka ba ni da abin da zan kira shi da shi. Ni ungozoma, mai karɓar 'ya'yan mutane su rayu, mata na nuna ni a kasuwa suna rage murya. Har yau ban san takamaiman abin da ya ɗauke su ba. Kwanansu ne ya ƙare.

Da na samu cikinki ban ɗinka ko hula ba. Kika zo da damina, a gidan ma'aikata da ke bayan asibitin Kebbe. Na yi miki duk abin da littafi ya ce. Cibiya tsaf, wanka a kan lokaci, nono a kan lokaci. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban dube ki ba. In zan ba ki nono sai in juya fuskata bango. In kin gama in ajiye ki in tashi. Ban yi miki wasa ba, ban yi miki waƙa ba, ko riƙe ki ban yi ba in ba dole. A raina na ce wannan ma baƙuwa ce, kada in saba da fuskarta, don na san abin da fuska take yi wa mutum daga baya. Babanki ya gani, amma kin san shi, bakinsa bai taɓa buɗewa a inda ake bukata ba.

Uwata ta riga ta rasu, don haka Inna ce ta zo daga Fakku yi min wankan jego, a bayan mashin, cikin laka, tsohuwa da ƙullin kayanta a ka. Ta kwana biyu tana kallona. Ana gobe suna, da hantsi, na fito daga wanka na shiga ɗaki, na ga shimfiɗa wayam. Kafin in buɗe baki sai na ji matar maƙwabcinmu ta kan zana tana cewa, "Malama, tsohuwa ta fita da jinjira, ta yi bayan gida!"

Na fita da ɗaurin ƙirji, ba takalmi. A bayan gidajen akwai jujin da duk unguwa ke zubar da shara, toka da ƙaiƙayi da kashin awaki, ga ruwan daren jiya ya jiƙa shi. Can a sama na hango ki, a kan ɗan tsumma, kaji na tono kusa da ƙafarki. Inna na tsaye gefe ta goya hannu a baya. Mata sun fara leƙowa, cikinsu har da waɗanda nake yi wa faɗa a asibiti a kan tsabta.

Ta dube ni ta ce, "Tunda ba ki son ta, na kawo ta inda aka yada abin da ba a so. Wanda ka so shi ɗauka."

Maisuna, ban san sanda na hau jujin nan ba. Na ji dai ƙafata na nutsewa, wani fasasshen kwalba ya yanke ni a dunduniya, tabon da kike tambayata kina ƙarama ina ce miki kara ne. Na fizgo ki na manna a ƙirji, na shiga duba ki ko wani abu ya taɓa ki, ido, hanci, baki, bayan kunne. A nan na fara ganin fuskarki. Kunnenki na hagu ya ɗan lanƙwashe irin na babanki. Toka ta hau miki gira. Kika buɗe ido ɗaya kika yi atishawa. Na tsaya a kan juji, jini na bin ƙafata, ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Nafisa.

Sannan na juya kan surukata. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, na faɗa mata maganganun da har yau nake neman gafarar Allah a kansu. Na ce camfi, na ce jahilci, na ce so take ta kashe min ke da cutar da ke cikin datti. Ta bar ni na gama. Ta juya wajen matan da suka taru ta ce, "Alhamdu lillahi. Ajuji ta samu uwa." Ta wuce ta hura wutar ruwan wanka.

Daga bakinta sunan ya fito, unguwa ta ɗauka, Fakku ta ɗauka. Ni kuwa na rantse a raina ba zai taɓa fita daga nawa bakin ba. Na ji an tozarta ni a gaban mutanen da nake koya wa wanke hannu. Shekara da shekaru ina gaishe ta a durƙushe, ina aika mata sabulu da atamfa, amma abin na nan a raina. Kuma har gobe ina nan a kan bakana ta wannan gefen: juji ba ya raya kowa, Allah ke rayawa, kuma datti datti ne. In kika haihu kika kai min jika kusa da shara, ko a Ingila kike sai na iso.

Sai a ciwonta na ƙarshe, kina sakandare lokacin, na je Fakku jinyarta. Ina shafa mata man zafi a ƙafa na kasa daurewa na ce, "Inna, wai da gaske kin yarda in an kai yaro juji mutuwa ba ta ganinsa?" Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ke dai da karatunki. Mutuwa ba ta san hanyar juji ba? Can taka kwana. Ni ba mutuwa niy yi ma dabara ba, ɗiyata. Ke niy yi ma."

Na so in dawo in gaya miki a ranar. Na ce sai kin gama jarrabawa. Na ce sai kin ƙara girma. Gaskiyar ita ce in na ba ki labarin dole in gaya miki cewa akwai kwanakin da uwarki ta ƙi kallon fuskarki, ni kuwa na fi son ki ci gaba da jin haushin sunan da ki san wannan. Kin ga son kai. In Allah ya ba ki 'ya'ya, abin da ya shafe su ki faɗa musu tun suna tambaya, ko da zai rage miki kwarjini a idonsu. Yaro in ya daina tambaya ba mantawa ya yi ba, amsa ya ba kansa, kuma yawanci mummuna ce.

To ga shi kin ji. Yaran makarantarku sun faɗi rabi, an kai ki juji. Ba su san sauran ba. Duk wata Ajuji da kika taɓa ji, da Gurahun Indiya, da Suminar Gana, an sa musu sunan wurin ne, amma ba wanda aka bari a can, in da an bar su da ba a samu wanda za a kira ba. Ni a wurina sunan nan shi ne inda na ɗauko ki. Kuma shi kaɗai ne alamar da ta rage a duniya cewa Nafisa da Kamalu da ɗan'uwansu sun taɓa zuwa, don ba su da hoto, ba su da takarda, kaburburansu ma ruwa ya shafe. Ba don su ba da ba a kira ki haka ba.

Ban hana ki zuwa kotu ba. Ke ba yarinya ba ce, kuma ke za ki ɗauki sunan a wuya a ƙasar mutane, ba ni ba. Ban kuma da bakin da zan ce ki riƙe abin da ni na shekara ashirin da wani abu ina ƙin faɗa. Roƙo nake. In ya yi miki nauyi a gaba, ki mayar da shi tsakiya. In kin ga lalle sai kin cire, to ki cire kina sane da abin da kika cire, ba don wani shafi a waya ya ce Mara ya fi sauƙi ba. Amma Mara kam, ko bayan raina ban yafe ba, sai dai ki nemo wani.

Sauran nasiha kin sha ji, ba sai na cika takarda ba. Salla a kan lokaci ko aiki ya matse ki. Ki nemi rigar sanyi ta kirki, ba ta gayu ba. Majinyacin da aka ba ki, ki koyi sunansa yadda uwarsa ta sa masa, ki kira shi da shi, kada ki ce mai gado na kaza. Kuma ki dube shi a fuska, ko kin san ba zai tashi ba. Wannan ni na koye shi da tsada.

Babanki ya ce ranar Asabar za ki zo sallama, kafin Litinin ɗin taki. Zan zo tasha da kaina. In kin sauko daga mota zan tsaya nesa kaɗan, in kira ki da shi, da ƙarfi, a gaban 'yan kamasho da masu tallar rake da duk wanda Allah ya kawo. Kwana biyun nan ina ta gwadawa a ɗaki, bakina bai saba ba, har babanki ya leƙo ya ce, "Hajiya, lafiya? Da wa kika magana?" In kin waiwayo, na samu amsata, ba sai mun ƙara cewa komai ba. In kuma kika yi kamar ba ki ji ba kika wuce, to ki sani zan biyo ki da gudu da ƙafar nan tawa mai ciwo. Ba yau na fara ba.

Allah ya kawo ki lafiya, ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan 'yan'uwanki uku. Yadda ya bar min ke a wancan hantsin, ya ƙara bar min ke, ya dawo min da ke ina da rai.

Allah ya yi miki albarka, Ajuji.

Ni ce,
Mahaifiyarki.